Geron da Ya Fito a Kan Kabarin Saratu

Zuwa ga Mai Girma Dagacin garinmu,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da dukan jama'arka. Ni ne Malam Iliya, tsohon malamin firamare, mai gida a bayan majami'a. Ka san ni, don ni na riƙe hannunka kana koyon rubutu a aji ɗaya, kuma ba ƙaramar wahala ka ba ni ba. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka a daminar nan. Sau biyu aka ce ka tafi Daura taron 'yan siyasa, na ukun na same ka da baƙi ka ce in dawo. Ƙafafuna sun gaji, shi ya sa na ɗauki alƙalami, na kuma bar wasiƙar a buɗe don kada a ƙara wa maganar gishiri a hanya.

Na farko, asalin filin. Mu Kiristocin garin nan ba mu da yawa, amma a nan aka yanke cibiyarmu, mu da kakanninmu. Marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ya yanka mana ɗan fili a bayan gari mu riƙa binne mamatanmu. Ba a rubuta takarda ba. Da baki ya bayar a gaban dattawa, aka dasa gamba ta zama iyaka, kowa ya tafi gida hankali kwance. A nan na binne matata Saratu shekara huɗu da suka wuce.

Na biyu, abin da ya faru. Ka fi ni sanin yadda hatsi ya yi tsada. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba bana ya riƙe, kowane saƙo na gari an shuka shi. Gambar iyakar kuwa tun da rani masu dabbobi suka yanke ta har saiwa. Maƙwabcina Malam Sale, mai gonar da ke jikin filin, ba shi da lafiya, sai ya ɗauko mai garmar shanu daga wajen Baure, baƙo ne bai san garin ba. Kabarin Musulmi kudu da arewa yake kwanciya, ko yaro ya gan shi zai gane. Namu gabas da yamma ne, daidai da yadda kunyoyin gonar suke tafiya. Gicciyen icen da na kafa gara ta cinye, simintin da na yi niyyar sawa kuma fansho ya kasa kamo farashinsa. Mutumin ya ga 'yan tuddai sun kwanta, ya ɗauka tsofaffin kunyoyi ne, ya kora shanunsa a kai.

Lokacin ina Katsina wurin 'yata ana duba mini ido. Da na dawo, ranar Lahadi bayan an tashi sujada a majami'a na nufi filin, sai na tarar da gero ya kai gwiwa. Na yi ta zagaye ina neman inda Saratu take, ban gane ba. Na zauna a bakin gonar na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa maka.

Na uku, abin da na hana. Samarinmu sun so su je su tumɓuke geron, su ɗauki hoto su baza a waya. Wani ɗan jam'iyya, da bai taɓa gaishe ni ba, ya zo har zaurena da alkawarin kai maganar gidan rediyo, a ce ana zaluntar Kiristoci. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi. Na san in zaɓe ya wuce shi gaba zai yi, mu kuwa a kasuwa ɗaya za mu ci gaba da haɗuwa, ana auna mana gero da kwano ɗaya. Da yamma Malam Sale ya zo yana dogara sanda, ya ce, "Malam, wallahi da na sani, gara mu kwana da yunwa. Gobe zan sa a cire." Na ce ya bari. Gidansa cike yake da jikoki, kuma na san Saratu. Da za a tambaye ta, cewa za ta yi a bar yara su ci.

Ranka ya daɗe, kowace Lahadi muna yi wa masu mulki addu'a, tun daga shugaban ƙasa har zuwa kanka. Almasihu ya koya mana yafewa, na kuma yafe wa mai garma da mai gona da zuciya ɗaya. Amma bai ce in rufe baki ba. Laifin yana wuyan waɗanda suka bar talaka har yunwa ta kai garmarsa bakin kabari, ana can ana rigimar wa zai hau kujera. Kai ma kana da naka kason, don maganar da ba za ta ci maka rabin yini ba ka bar ta ta yi ta kwana, har masu neman fitina suka ji ƙanshinta.

Ga roƙona. A bar geron har kaka, kada kowa ya taɓa shi. Da an yi girbi, ka zo da kanka tare da dattawa biyun da suka rage cikin shaidun mahaifinka, a taka iyakar da ƙafa, a dasa aguwa wadda dabba ba ta ci, a rubuta takarda ka sa hatiminka. A kuma taimake ni a gano kabarin, tun masu tuna wurin suna da rai.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta na gari, ya sauƙaƙa wa talakawa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. 'Ya'yana sun matsa in tattara in koma birni wurinsu, in ƙarasa kwanana a can. Na ce musu ba inda za ni, a gefen uwarsu nake so su kwantar da ni. Babban cikinsu ya tambaye ni ina ne gefen nata, ni kuwa har yau ban gano wurin ba.

Wassalam, naka mai biyayya,
Malam Iliya, tsohon malaminka.