Matar Ɗana Ta Koma Jamusanci, Ta Yi Shiru

Madam Corinne, ki taimaka mini da shawara, an yi mini alherin da na rasa yadda zan yi da shi.

Ni tsohuwa ce a garin Kitchener, inda Turanci ake yi, mijina ya rasu, ɗa ɗaya gare ni, Reinhold. Da Jamusanci aka raine ni, da shi na raine shi. Yana jami'a ya kwaso wani harshe wai Esperanto, wanda wani mutum ya zauna ya ƙirƙira don duniya ta samu harshe guda. Tun daga nan muke musu a kan tebur duk Lahadi. Ni ina cewa in duniya za ta zaɓi harshe ɗaya, ta ɗauki Jamusanci mai littattafai da kakanni. Shi kuma ya ce, "Mama, harshenki yana da masu gida, duk wanda ya shigo baƙo ne. Nawa ba na kowa ba ne." In ce masa shi ya sa ba wanda ya taɓa lallashin jariri da shi.

Sai ya ƙaryata ni. A taronsu na 'yan Esperanto ya haɗu da Miran, 'yar Koriya, suka yi aure, kuma da kunnena na ji tana yi wa jikata Elke waƙar barci da wannan harshe. Da shi suke komai a gida, har faɗa.

Bara na samu shanyewar ɓarin jiki. Da na farfaɗo, Turanci ya tattara kayansa ya bar bakina, Jamusanci kaɗai ya rage. Suka ɗauke ni zuwa gidansu. Reinhold yana wurin aiki, Miran ce ke yi mini wanka, tana dama mini kunun shinkafa, ga shi ba ma jin juna. Sai ta fara koyon Jamusanci a wayarta. A Esperanto kowane sunan abu da "o" yake ƙarewa, ita kuwa bakinta ya saba, duk kalmar da ta koya sai ta liƙa mata. Ruwa muna ce masa Wasser, ta miƙo mini kofi ta ce, "Mama, Wassero." Ranar na fara dariya tun da na kwanta, rabin fuskata na yi rabi ba ya yi. Ban haifi 'ya mace ba, amma ko na haifa ban ga abin da za ta yi mini fiye da haka ba. Ina son yarinyar nan har cikin raina.

Yanzu na miƙe, Turancin ma yana dawowa. To, kwanakin baya ta sanar cewa daga yanzu Jamusanci za a riƙa yi a gidan, don Elke ta tashi da harshen kakarta. Na yi kukan daɗi, abin da na daɗe ina fata ke nan.

Amma gidan ya canza. Da can ta bango nake jin su suna cacar baki kan wanda zai kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, ba na gane ko kalma, amma na san ita ke yin nasara, sai kuma in ji dariya. Shekaranjiya ranta ya ɓaci, ta fara yi masa faɗa da Jamusanci, tana tsakiyar magana ya ce, "Ba haka ake faɗa ba, masoyiya," ya gyara mata nahawu. Ta dube shi, ta koma wanke kwanuka. Ba mugunta ya yi ba, sakarci ne irin na ubansa. In na ce su koma harshensu, kamar na mayar mata da kyautarta ne, kuma Jamusanci zai bi ni kabari. In na yi shiru, ina kallo tana zama baƙuwa a gidan mijinta. Yaya zan yi?

Kakar Elke

Mama, sannu da jiki, kuma kin yi dace da suruka.

Ban raina fatanki ba. Harshen da mutum ya koma gare shi lokacin da komai ya kuɓuce masa ba abin yarwa ba ne, kuma Elke tana da haƙƙi a kansa. Sai dai ba Miran ce za ta ba ta shi ba, ke ce. Ki riƙa yi wa yarinyar Jamusanci zalla, ki yi mata waƙa da shi, ki yi mata faɗa da shi. Kan yaro yana ɗaukar harshe biyu har uku bai san ya ɗauka ba.

Musunku da ɗanki kuwa, ku ci gaba da abinku ranar Lahadi, duniya ba ta jiran hukuncinku. Gidan nan ne ke jira. Ki lura, abin da ya faɗa miki game da masu gida da baƙi shi ne ya faru a ɗakin girkinsa, kuma shi ne mai gidan. Ki kira shi gefe ki tuna masa. Mai gyara wa matarsa nahawu tana cikin fushi ba sauraronta yake ba.

Ita kuma kada ki ce mata ta daina. Ki ce kin karɓi kyautar, kina so ta ci gaba da yin Jamusancin da ke, da "o" ɗinta da komai, amma tsakaninta da mijinta su koma harshen da suka yi aure da shi. Sannan ki roƙe ta ta koya miki kalmar godiya da Esperanto, ki faɗa mata da bakinki, ko da kin karkace ta. Ta sha yin kuskure a gabanki saboda ke, lokaci ya yi da za ta gan ki kina yi saboda ita.

Allah ya ƙara lafiya, Mama. Ranar da kika ji muryarta ta danne ta ɗanki, ki san godiyarki ta isa gare ta.

Corinne