Gwamnan Tarakta Sabi'u Yake Nufi

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar manomanmu ta Darki, Alhaji Mamuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata Alhaji yana lafiya, da iyali da jikoki, da gwiwar nan da ke tashi in hadari ya haɗu. Ya muka ji da shirin damina? Allah ya sa mu gan ta da alheri.

Ranka ya daɗe, da maganar tsakanina da kai ce, da na same ka a dakali bayan la'asar mun kashe ta. Na rubuto a fili ne saboda ta riga ta fita. Ta je Utai, ta je Achika, ranar Juma'a kuma a kasuwar Wudil wani mai sayar da igiyar shanu ya ba ni labarinta, har da ƙarin da ni da nake wurin ban sani ba.

Ga abin da ya faru, don wanda ya ji rabi. Ƙungiyarmu tana da tsohuwar tarakta guda, wadda a da ja ce. Da bazarar nan ta ɗauko wani hali: in an tayar da ita sai ƙarar injin ta hau, ta sauko, ta sake hawa, in an saukar da garma kuma ta shaƙe ta mutu. Aka kira Malam Sabi'u bakanike, wanda ke duba ta tun rasuwar maigidansa. Ya kwance abin da zai kwance, ya aiko da hoton injin a zauren wasaf na ƙungiya, ya bi shi da saƙon murya: "Gwamnan nan ya gaji, ba ya jin magana. Zan ɗaure shi in gani, in bai gyaru ba sai mu cire shi mu nemo wani." Wani ɗan'uwa mai saurin yatsa ya tura muryar waje, ya bar hoton a gida. Kafin magariba an ce manoman Darki sun shiga siyasa. Washegari ka sa wa rumfar tarakta kwaɗo, ka dakatar da Sabi'u sai an yi bincike.

Na ɗaya, bari in rage wa masu binciken aiki. Gwamna a tarakta wani ƙarfe ne a gaban inji, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. A cikinsa akwai ƙarafa masu nauyi da ke juyawa tare da inji. In gudu ya yi yawa sai su buɗe, su motsa wani siririn rodi, rodin ya rage mai a kafireta, wato wurin da ake auna wa inji mai. In garma ta shiga ƙasa mai tauri inji ya fara nishi, sai su tsuke, wani sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai miƙewa ta koma, ya jawo rodin, mai ya ƙaru. Direba ya saita totur a gudun da yake so, gwamna ya riƙe masa wannan gudun a tudu da gangare. Na karanta cewa tun zamanin injin tururi Turawa suka raɗa masa sunan, ba su kuma tambayi kowa a Darki ba. Mai Girma Gwamna da ke Kano, Allah ya taimake shi, iyakar sanina ba shi da sifirin.

Na biyu, ina wurin ranar da Sabi'u ya yi aikin, a matsayina na wanda ba ya taimakawa da komai sai tambaya. Na yi shekaru ina koyar da yara a aji, amma ban cika ganin mutum mai haƙuri da abu kamarsa ba. Ya kashe inji, ya tura hannun totur har ƙarshe, ya zare ƙusar da ta haɗa rodi da kafireta. Ya nuna mini raminta, wanda shekaru suka cinye har ya zama kamar ƙwai. Wannan ɗan lilon shi ne ciwon. Gwamna zai ce a ƙara mai, kafin maganar ta isa kafireta lamari ya sauya, sai ya ce a rage, ita ma ta makara. Hakin da muke ji ke nan.

Sai ya sassauta noti, ya murɗa kan rodin kaɗan, ya gwada, ya mayar, ya sake gwadawa. So yake ƙusar ta faɗa raminta da kanta, ba a tura ta ba, ba a jawo ta ba. Guduma tana gefensa, bai ko kalle ta ba. Sifirin ɗin ya saki, shi ne ya ce zai ɗaure notinsa ya gani kafin a yi maganar sabo. Abin da ya rage aikin kunne ne: a mayar da kayan, a tayar da ita, ya saurara, ya daidaita ta har ƙarar ta tsaya wuri ɗaya, sannan a kai ta gona a gwada da garma. Nan kwaɗonka ya same shi. Yanzu rodi da ƙusa da sifirin suna cikin gwangwani a rumfa, kuma babu wanda ya san inda ya tsaya a murɗin nan sai shi.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ba ni dariya, Alhaji, duk bayanin da na yi ka fi ni saninsa. Kai ka tuƙa taraktar nan da ƙuruciyarka. Kai ka fara kafta gonar mahaifina da ita, har ya rasu yana cewa bai ga layi miƙaƙƙe kamar naka ba. Da 'yan gwangwan suka zo suna zagaya ta suna ƙiyasin nauyinta, kai ka tsaya ka ce ba za a yanka ta kana raye ba. An kawo sababbi garin nan masu fitilu da kujera mai laushi, wasunsu yanzu kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsu, ita kuwa tana nan tana noma. Saboda haka na san ba ruɗewa ka yi ba. Tsoro ka ji mana, kada sunan ƙungiya ya ɓaci a daidai lokacin da muke sa ran rabon takin gwamnati. Wannan kulawa ce, na kuma gode. Sai dai kwaɗon ya yi aikin da ba ka aike shi ba. Waɗanda ke shakka, da suka ji an dakatar da Sabi'u, sai suka ce ashe da gaske ne. Bawan Allah da ko taron siyasa bai taɓa zuwa ba, yanzu in ya wuce ana nuna shi da leɓe.

Na huɗu, tawa damuwar. Gonata ta fadama ita ce ta gaba a layi. Ka san ƙasarta, laka ce. Yayyafin farko ya sauka, yanzu ne take karɓar garma. In ruwa ya zauna sosai tarakta ba za ta shiga ba, ko ta shiga ba za ta fito ba, shinkafar bana kuma ta wuce ni. Daga gonar nan gidana ke ci. A bayana akwai Iya Hansai, wadda mijinta ya rasu bara, gonarta kuma ta fi tawa kwari.

Don haka ina roƙo, da girmamawa. A buɗe rumfa a bar Sabi'u ya ƙarasa aikinsa. Ka yi saƙo da muryarka a zauren, ka faɗi wane gwamna ake nufi, domin maganarka ta fi wasiƙata tafiya, a kuma roƙi mai saurin yatsan nan ya tura ta inda ya tura ta farko. Wasu sun kawo shawarar a sauya wa ƙarfen suna. Mun gwada hakimi, muka ga ba mu tsira ba. Wani ya ce shugaba, na ce ya rufa mana asiri, domin wata rana za a ce shugaba ya saki sai an ɗaure shi. Ina ganin a bar masa sunansa, Sabi'u kawai ya riƙa cewa na tarakta.

In kuma kana ganin buɗewa da hannunka za ta jawo magana, aiko mini da mabuɗin, ni in buɗe. Duk wanda ya tambaya a ce malamin makarantar nan ne, dama an san shi da shiga abin da ba a sa shi ba. Taki in an hana ni zan nemi na shanu, amma fadama ba za ta jira ni ba.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri a kan riƙon da kake yi mana, ya ba mu ruwa mai albarka, amma ya ɗan jinkirta shi sai garma ta fita daga fadama.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Habibu, Darki.