Zauren Dabo a Bayan Jaki

Asabar, 9 ga Maris, 1985

Fari ya sa ruwan dam ya ja baya. Yau na ratsa da ƙafa, iyakarsa gwiwa, na hau tsohon garinmu. Tun da aka tashe mu ya zama tsibiri ban taka shi ba. Zauren kakana Dabo magini yana nan tsaye da zankwayensa, da bakan gizon ginin da ke ɗauke da rufin, shafen makuba na jikin bango har yanzu yana sheƙi. A bayan ƙofa akwai shatin tafin hannunsa a jikin yaɓe. Na ɗora nawa. Nasa ya fi girma.

Laraba, 13 ga Maris

Na ba kakata Iya Luba labari. Ta ce, "To maigidan, indararon fa, bai toshe ba?" Na ce zan yi wa zauren yaɓe kafin damina. Ta yi dariya: "Da wane hannun? Na buɗa tsohuwar jarida?"

Juma'a, 5 ga Afrilu

Jakuna! Jere, kowanne da mangala. Ashe katangun tsohon garin ake rushewa ana kai ƙasar gona, wai ƙasar tsohon gini taki ce. Har da Baffa Tasi'u, da diga a hannu. Na ce, "Baffa, gidan ubanka ne fa!" Ya ce, "Sama'ilu, da ya gina shi a ƙoshe yake. Rairayin nan da aka ba mu me zai haifa? Awakin da ke ba mu taki sun tafi kasuwa. Ko karatun naka za mu dafa?"

Na faɗa masa abin da ba zan rubuta ba. Ko ɗagowa bai yi ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu

An zare azara, rufin ya rufta. Na kai ƙara wurin mai unguwa, na tarar da jakinsa da jar ƙasa a gadon baya. Na gaishe shi na dawo.

Alhamis, 9 ga Mayu

Tuwon dusa yau ma. Iya ta turo mini nata, wai ta ƙoshi. Ta daina tambayar indararo. Saura bango ɗaya, na bayan ƙofa. Maƙwabcinmu Hadi ya ce in ba ma so, shi yana so.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban yarda wani ya sa diga a wurin ba. Ni na sa.

Talata, 30 ga Yuli

Ruwa ya dawo ya rufe hanya. Geron da ke inda na zuba ƙasar bangon ya kai ƙugu, kore shar, sauran duk ya tsumbure. Iya ta dogaro sanda ta zo gani. Ta shafa ganyen ta ce, "Dabo dai bai iya aikin banza ba."

Ni ban yafe wa kowa ba. Na dai tambayi Baffa ko harsashin ginin yana nan, in ruwa ya janye baɗi. Don in sani ne kawai.