Bindigar da Na Miƙa wa Ɗana

Zuwa ga Anti Joyce,

Ranar Talata alƙalin gundumarmu ya tabbatar cewa ɗana Lyle ya karya sharaɗin ɗaurin talala. Saura yanke hukunci. Ki taimake ni, don ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana a garin nan.

Shekarata sittin da shida. Mijina Vernon ya rasu shekara biyar da suka wuce, kuma Lyle kaɗai muka haifa. Lokacin da ƙwaya ta riƙe shi ya fasa garejin wani mutum. Aka yanke masa shekara uku amma aka jingine, aka ba shi talala ta shekara huɗu. Takardar sharuɗɗan tana manne a jikin firij ɗina har yau: ba giya, ba fita daga jihar Minnesota sai da izini, ba taɓa makami. Ya kiyaye. Yana aiki a wurin yankan katako, bai taɓa faɗuwa gwajin fitsari ba. Wata bakwai suka rage masa.

Kin san yadda muke idan aka buɗe farautar barewa a Nuwamba. Ni tun ina amarya nake fita. Bana na ce ta ƙarshe ce, gwiwa ta gaji. Na harbo namiji mai ƙaho reshe takwas a bayan gonarmu da bindigar Vernon. Lyle bai fita ba, yana gida yana faskare, ni na kira shi ya ja mini naman zuwa mota. Ya iso yana dariya, ya ce, "Mama, faɗi gaskiya, tsufa ne ya kashe shi ko ke?" Maƙwabciyata Marlene ta ce mu tsaya ta ɗauke mu hoto. Na durƙusa zan ɗaga ƙahon da hannu biyu, ga dusar ƙanƙara a ƙasa, kuma a gidanmu ba a kwantar da bindiga a dusar ƙanƙara. Sai kawai na ce, "Riƙe min." Ya riƙe. Babu harsashi a ciki, kuma ko minti ɗaya bai yi ba.

Ni na aika hoton jaridar mako ta gunduma, kamar yadda muke yi duk shekara. Har na sayi kwafi uku. Ashe jami'ar da ke sa masa ido ita ma tana duba shafin mafarauta.

Tun Disamba yana tsare a kurkukun gunduma. A kotu ya ce shi ya ɗauki bindigar da kansa. Lauyansa, Mista Brekke, ya gaya mini Lyle ya hana a kira ni shaida, wai miƙa makami ga mutum irinsa laifi ne da zai iya hawa kaina. Bai sa sunana cikin masu ziyara ba. Bai kira ni ba ko sau ɗaya.

A coci kowa ya karanta sunansa a shafin kotu na jaridar, ana gaishe ni kamar ana ta'aziyya. Marlene idan ta hango ni a kanti sai ta canza layi. Naman yana nan cike da firiza, na kasa dafa ko yanka ɗaya. Nakan dafa kofi na mutum biyu, sai na tuna.

Shin in miƙe ranar hukunci in gaya wa alƙali yadda aka yi? Ko in bi abin da yake so in yi shiru? Kuma kare ni yake yi, ko ya gama da ni ne?

Uwar da ta ce "riƙe min"

Mama,

Allah ya sassauta miki. Bari mu raba maganar gida biyu, don kin haɗa su wuri ɗaya.

An wuce batun ko ya karya sharaɗi. Hoton ya wadatar, kuma bayaninki ba zai goge shi ba. Abin da ya rage shi ne hukunci, a nan kuwa alƙali yana da zaɓi mai faɗi: ya mayar da shi kan talala da ƙarin sharuɗɗa, ko ya ba shi ɗan zaman kaso, ko ya zartar da shekara ukun nan. A wannan mataki akan duba yadda abin ya faru da yadda mutum ya rayu kafin nan. Saboda haka abin da kika sani yana da nauyi.

Shi ma tsoron Lyle ba na banza ba ne. Ni ba lauya ba ce, amma na zauna a kotu na isassun shekaru ina ɗaukar rahoto, na ga yadda magana ɗaya ta tausayi ke buɗe sabon fayil. Ga kuma abin da ya riga ya faɗa wa kotu, wanda naki bayanin zai saɓa masa. Kada ki miƙe ba a kira ki ba. Kada ki rubuta wa alƙali kai tsaye. Idan Lyle ya kira, kada ku tattauna shari'ar, wayar kurkuku ana naɗarta.

Ki nemi lauya naki na kanki a makon nan. Mista Brekke na Lyle ne, ba naki ba. Ki gaya wa naki komai, ya auna haɗarin, sannan lauyoyin biyu su yi magana. Marlene ta ga abin da ya faru da idonta, mai gidan aikin Lyle kuma zai iya rubuta takardar shaida. Ki fitar da bindigar Vernon daga gidan ta hanyar da lauyan ya nuna miki, domin da wuya a sako Lyle zuwa gidan da take.

Tambayarki ta ƙarshe ban san amsarta ba. Yana iya jin haushinki yana kuma kare ki, duka a lokaci guda. Wanda ya gama da uwarsa dai ba ya ɗaukar mata laifi a gaban alƙali. Ki rubuta masa wasiƙa da hannu, babu zancen kotu a ciki, babu dogon neman gafara. Ki ba shi labarin gida.

Ita kuwa Marlene kunyar hoton da ta ɗauka ce ke korarta, ba ƙiyayya ba. Ke za ki fara buga mata ƙofa.

Ina yi miki fatan ƙarfin zuciya, shi kuma sassauci. Kafin a buga wannan shafi na duba jadawalin kotun: an sa zaman hukuncin a mako na biyu na Fabrairu, amma magatakarda bai tabbatar da ranar ba tukuna.

Anti Joyce