Notin Hagu Ya Kunyata Ni

Zuwa ga ɗana na fari, a Jos.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mu nan Yerwa sai godiyar Allah. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Malamin bakin gidan waya ne ke rubuta min wannan, don haka duk abin da zan faɗa kunne biyu ne zai ji, kuma ga shi tun yanzu yana murmushi.

Saƙonka ya iso, cewa kamfanin da kake yi wa kanikanci zai tura ka Ikko bayan Sallah, sai fa in ina da bukatarka a gida. Ka san tambayar da ka yi min bara ke nan, na ce yadda ka gani. Me kake so in ce? Uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya riƙe masa riga. Haka na taso na tarar.

To ga abin da ya faru. Ruwan kifin da muke ɗaukowa daga Baga ya ci wilolin motarmu, tsatsa har tana zubowa ta ƙarƙashin marfi. Direba ya ce a kira kanike. Na ce wane kanike, motar da ni na saya? Gaskiyar magana, ba na so mutanen unguwarmu Bolori su ce tunda yaron ya tafi gidan ya kasa.

Na ɗaga ta a jak a ƙofar gida, na ɓamɓare marafan nan masu ƙyalli. Gefen dama bai ba ni wuya ba. Na zare tayoyin baya biyun, ta waje da ta ciki, na bi wilolin da buroshin waya da kananzir, na shafa jan fenti. Har na fara jin kaina.

Sai na koma hagu. Noti ya ƙi. Na zura wa sifana bututu, na hau da ƙafa, ni da gemuna, jama'a na kallo. Ji kake ƙas! Ƙarfen da notin ke kai ya karye. Maimakon in tsaya, na koma kan na biyu, shi ma na karya.

Maƙwabcinmu Ibo mai sayar da kayan mota ne ya matso, ya ce min a hankali, da Hausarsa, notin hagu a irin wannan mota baibai ake kwance shi, ɗaurewa nake ta yi. Ya ƙara da cewa ai kai ka koya masa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Amma ba dariyar mutane ce ta fi cina ba. Na tuna duk lokacin da kake wannan aiki a rana, kana kwance ƙarƙashin mota, ni ina kan tabarma na juya maka baya, wai kada a ce ina kallon ɗana. Ashe maƙwabci ya fi ni sanin hannunka. Da na zaro wilin ciki na dama, wanda ba mai ganinsa, na tarar da sauran fentinka a jiki, ka shafe shi tsaf kamar na waje. Na daɗe a tsugune a wurin.

Kanike ya zo ya gyara, mota ta koma hanya. Na faɗa maka ne don kada ka zaci aikin mota ke jiranka. Ba abin da ke jiranka sai ni.

Kada ka tafi Ikko. Ka dawo gida, ina son ganinka. Na faɗa, malam ya rubuta, na ce kada ya goge.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanyarka, ya ba ka ɗan da zai yi maka abin da ka yi min, kai kuma ya ba ka bakin yaba masa tun yana gabanka.

Ni ne,
Mahaifinka.