Yaya Sule da Hadarin Gabas

Talata, 9 ga Yuli, bayan isha'i

Har yanzu raina a ɓace yake. Yaya Sule ya taso takanas daga Ashige, wai in cire 'yata Zainab daga jami'a saboda karatun yanayi take yi.

"Bala, yarinya ta riƙa cewa gobe za a yi ruwa? Ai shiga gaibu ne!"

Na ce masa awon iska da zafi ake koya musu, ba duba ba. Ko saurarata bai yi ba. Zainab na ɗaki tana ji, har ta kasa cin tuwo.

Can ya dubi gabas, ya zabura. "Nemo min Keke Napep! Ruwa na tafe, na bar agushi a shanya."

Ashe shi an halasta masa hasashen ruwa. Zainab dai Litinin za ta koma jami'a.