Ni Na Yanke Wayar, Mamman Ake Kira Ɓarawo

Malama, don Allah a saurare ni yau, jibi Juma'a za a kori mutum a kan laifina. Ban yi boko ba, maƙwabciyata 'Yardada ce take rubutawa, na ce kar ta ɗago ta kalle ni.

Wajen Ƙofar Na'isa nake. Bayan zaɓen nan, Isiyaku mai shagon intanet ya sa aka kafa falwayar ice jikin katangata, aka ɗaura wani farin faranti a samanta, wai eriya. Ina tsakar gida na ji mai ɗaurawar yana cewa a juya ta sosai, sai tana gani take aiki. Da kunnena na ji. Kuma inda ta juya, makewayina ne, ba rufi. Ga shi an ce a shagon har Turai ake aika hoto.

Shekarata saba'in da wani abu, ko likita ban yarda ya ga jikina ba. Wata guda a ɗaki nake wanka cikin baho, ledar ƙasa duk ta ruɓe. Wa zan tambaya? Ɗana Musa? Da wane baki?

Ran Talatar makon jiya ana sallar azahar, lungu ba kowa, na ɗauki gorar da nake yanko wa awakina ganye, mai lauje a baki, na saƙalo wayar eriyar na ja. Ta tsinke ta faɗo gidana, tana ƙarƙashin gadona yanzu.

Sai aka ce Mamman mai gyaran rediyo ne ya sace ta, don rumfarsa na gindin falwayar kuma yana da tsani. Mai unguwa ya ce ya tashi kafin Juma'a. Mutumin da yake gyara min rediyo, ko na miƙa masa abu sai ya ce haba Iya. Jiya ya gaishe ni, na yi maza na shige gida.

In na faɗa, sai an tambaye ni dalili a gaban maza. In dai za a faɗa, Mamman za a fara gaya wa, kafin Musa, kafin mai unguwa.

Wata tsohuwa, cikin gari

AMSA

Iya, ki kwantar da hankalinki, eriya ba ta da ido. Ganin da suke nufi shi ne kada gini ko bishiya ya tare tsakaninta da 'yar'uwarta da ke nesa. Ba wanda ya gan ki.

Su Isiyaku ma da nasu laifin. A garin nan ko gyaran soro za a hau, sai an yi sallama mata su kintsa, balle a kafa abu a kan katangar mutum ba bayani. Amma wannan bai wanke Mamman ba, ke kaɗai za ki iya wanke shi.

Kin yi daidai da kika ce shi ne farko. Ki aika a kira shi zaure yau, ki nemi gafararsa. Gobe 'Yardada ta raka ki wurin uwargidan mai unguwa da wayar a hannunki. Ita za ki gaya wa dalili, ta san yadda za ta isar. Maza ba sa bukatar jin fiye da cewa kin tsorata. Musa ya gyara wayar, ya rufa miki makewayi.

Abu ɗaya ne ba za a yi a ɓoye ba. A bainar jama'a aka kira Mamman ɓarawo, a nan za a ce ba shi ba ne, ko da za a ambaci sunanki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, Iya, ya sa Mamman ya yafe.